Shagon da ya buga mana fastocin takarar kansila a Gombe, ga yadda muka kwashe da su

Tun da kotun ƙoli ta yanke hukuncin nan na 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomin riƙo, na lura ƙaiƙayin takara ya kama mutane da yawa a wajenmu. Cikin wata ɗaya mutum uku suka kira ni, wai ina muka buga fastocin Hamma lokacin da ya nemi kansila, nawa muka kashe, aikin ya yi kyau ko kuwa. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya kati na ƙonewa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan shagon kam ba zan sa ba, sabida akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan ɗan taɓa su, mutumin nan yana da iyali ga yara suna cin abinci a ƙarƙashinsa. A cikin garin Gombe yake, wanda ya matsu ya yi min magana ta gefe in kwatanta mishi.

Hamma yayana ne ciki ɗaya, shagon maganin feshi da taki da iri yake da shi a garinmu, arewa da Gombe, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu in mota ba ta tsaya ɗiban fasinja a kowane ƙauye ba. Farkon 2024 da aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi, wanda aka yi ranar 27 ga Afrilu, matasa suka yi ta zarya shagonsa wai sai ya fito. Ya yi ta nuƙu-nuƙu daga baya dai ya sayi fom. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗi da duk wani abu na takarda, don wai ni ne ɗan boko.

Abin da ban lissafa ba a lokacin shi ne, jihar Gombe ƙananan hukumomi 11 ne, mazaɓu 114, kenan kujerar kansila 114. A mazaɓarmu kaɗai mutum huɗu ne suka fito a jam'iyyarmu. To ko uku-uku ka ba kowace mazaɓa ai mutum ya haura 300, ban da masu neman ciyaman, kuma dukkanmu Gombe za mu sauko neman mai buga fasta a sati biyu zuwa uku ɗin nan guda. Ku riƙe wannan lissafin don shi ne tushen rigimata da shagon.

Ranar farko tare muka je da Hamma. Ɗaki biyu ne, na gaba kwamfuta uku da benci, na ciki kuma wani tsohon inji ne ɗan Jamus, Heidelberg, yana ta ƙara kaman jirgin ƙasa, gefe ga dogon injin buga bana, wato manyan ƙyallayen tallan nan da ake ɗaurawa, ya kusa cin bango guda. Warin tawada da hayaƙin janareta tun daga bakin ƙofa. Bangon kuwa abin kallo, fastocin 2019 da na 2023 an manna su jere, waɗanda suka zagi juna a filin kamfen ga su nan kafaɗa da kafaɗa suna murmushi, wasu har sun canza jam'iyya sau biyu a bango ɗaya. Mai shagon dattijo ne mai furfura kaɗan a gemu, hannunsa duk tawada, da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce “Honorabul, bismillah zauna.” Hamma tun ba a yi zaɓe ba ya zama honorabul, na ga yana gyara zaman hula.

Hamma ya ce fasta 5,000 yake so, manya. Wallahi na ɗauka mutumin zai yi wuf ya ɗauko rasit, sai kawai ya ajiye biro ya ce, “Ranka ya daɗe, zaɓen fidda gwanin naku ƙato bayan ƙato ne, ko daliget, ko maslaha za a yi?” Muka kalli juna. Ya ce in ƙato bayan ƙato ne, wato duk mai katin jam'iyya ya fito ya yi layi a bayan wanda yake so a ƙirga, to fasta tana da amfani don jama'a kake nema. In daliget ne, waɗanda za su zaɓe ka ba su cika bas biyu ba, kuma ka san gidan kowa ka san sunan matarsa, fastar me za ka kai musu, ka je ka gaishe su kawai. In kuma maslaha ce, ya ɗan yi dariya, ya ce to wannan ko hoton fasfo ya ishe ka. Ya ce mu buga 1,000 matsakaita, A3, sauran kuɗin mu yi sitika ta babur da bana kaɗan, in Allah ya ba mu tikiti sai mu dawo a yi babban aiki. Hamma ya ce ina, abokin takararsa ya riga ya cika kasuwa da hoto, mutane za su ce ba shi da ƙarfi. Aka yi ta ja, aka tsaya a 2,000.

Wannan shawarar ita ce abu na farko da ya sa har yau nake ganin girman mutumin. Ɗan kasuwa ne, ciniki ya zo mishi har gida ya rage da bakinsa.

Kan farashi ya yi min bayani dalla-dalla, abin da ban taɓa sani ba. Wai babban injin sai an yi mishi filet, wato farantin ƙarfen da ake ɗora zanen a kai, guda huɗu, kowace kala da nata, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, to kuɗin filet ɗin nan ko 100 za ka buga ko 10,000 ɗaya ne, shi ya sa dubun farko take tsada, ta biyu ta fi sauƙi. In kaɗan kake so akwai ƙaramin injin da suke kira DI, ba ruwansa da filet amma kowane falle da kuɗinsa, in ka wuce ɗari biyu ko uku ka fara asara. Takarda kuma daga waje ake shigo da ita, lokacin nan kuwa kun tuna watan Fabrairu dala ta haura naira 1,500 tana ta hawa, ga man fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 bai sauko ba, ga dizal. Ya ce min farashin da ya ba ni na kwana uku ne kawai, in na wuce sai an sake lissafi. Mun biya 130,000 na fasta 2,000, bana huɗu masu ƙafa 8 da 4 a kan 300 kowace ƙafa, sitika 300 a kan 25,000, sai 5,000 na zane. Ya yafe ɗan abin da ya hau kai muka tsaya a 190,000 cif. Na tura 130,000 kafin alƙalami, ya rubuta rasit da hannunsa ya sa ranar karɓa, Alhamis mai zuwa, don mu samu ranar kasuwarmu. Na zaga shago biyu kafin nan, farashinsa ba shi ne mafi araha ba amma bambancin bai kai a yi magana ba.

Sai yaron kwamfuta. Yaro ne mai hannu gaskiya, yana danna manhajar zanen nan CorelDraw ko kallon allon rubutu ba ya yi, amma yana da wata cuta ta gyaran fuska. Muka ba shi hoton Hamma cikin farar shadda da zanna bukar, washegari ya turo min ta WhatsApp, na buɗe na ga wani balarabe. Ya wanke shi fes, ya goge tsagar gadonmu biyu da ke gefen ido, ya rage mishi kumatu, har tabon sallah na goshi ya share wai ya ɗauka datti ne a hoton. Tabon sallah fa! Abin da wasu 'yan siyasa da ana sayarwa a kasuwa da sun saya. Na kai wa Dada wayar na ce ga fastar ta fito, ta riƙe ta nesa ta matso da ita kusa ta ce “Wannan ɗan gidan waye?” Na kira yaron na ce ƙanena don Allah dawo mana da mutuminmu yadda Allah ya yi shi, a ƙauye fuska ake zaɓa, wanda ba ya karatu in bai gane tsagar ba ai ya wuce. Ya ce “Yallaɓai duk haka suke so fa.” Na ce mu dai ba ma so. Bai yi musu ba ya gyara a daren, kuma na biyun ya yi kyau ƙwarai, kalar hular ta fito kaman ka taɓa.

Wani abin da suka burge ni da shi, ajami. Dattawanmu da yawa boko ba ya shige musu amma ajami kam ko a duhu. Na tambaya ko za a iya sa layi biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Fillanci. Yaron ya ce kwamfutarsa tana rubuta Larabci amma wasullan ajami ba sa zama daidai. Mai shagon ya ce ba matsala, mu sa malami ya rubuta da tawada a farar takarda mu kawo. Baffa ya rubuta mana da alƙalaminsa na kara, suka ɗauki hoton rubutun suka wanke shi suka ɗora a ƙasan fastar, ya fito ras. Ko sisi ba su ƙara ba. Kuma duk inda na ga tsoho ya tsaya gaban fastar nan, wannan layin yake bi da yatsa, na saman ko kallo.

To yanzu ga inda aka ɓata.

Alhamis na kama hanya tun da safe na iso, aka ce min fasta ba ta fito ba amma bana sun fito, an naɗe su an ɗaure. Ni kuma da gaggawa ban warware ba, nan kam laifina ne, na jefa a bayan mota na koma. Da asubar ranar kasuwa yara suka hau suka ɗaure ɗaya a bakin tasha. Taken da muka zaɓa shi ne “Mazaɓa ɗaya, murya ɗaya.” Ina shagon Hamma wajen ƙarfe tara sai ga wani yaro a guje yana haki wai in zo in gani. Na je na tarar mutane sun taru suna dariya. Ɓ da ɗ duk sun zube, babu su babu alamarsu, abin da ke rubuce da manyan baƙaƙe shi ne “Maza a aya, murya aya.” Kafin azahar yaran ɓangaren can sun raɗa wa Hamma suna Mai Aya, wani shaƙiyyi har ya sayo aya ta ɗari biyu ya aiko mishi shago a leda wai gudummawar kamfen. Har yau akwai masu kiransa da sunan, shi ma ya haƙura yana amsawa.

Da na koma a fusace mai shagon ya sa aka binciko. Ashe a kwamfutar yaron rubutun daidai yake, abin da na gani a WhatsApp na amince da shi daidai ne, amma kwamfutar da ke haɗe da injin bana ba ta da irin wannan salon rubutun mai ƙugiya, shi kuma yaron bai mayar da rubutun zane ba kafin ya tura, sai injin ya tsallake duk harafin da bai sani ba. Mutumin bai yi min dogon turanci ba, ya ce laifinsu ne, ya sake buga huɗun a aljihunsa a ranar, ya kuma tsayar da filet ɗin fasta aka duba, Allah ya taimaka ita lafiya. Na yaba da wannan. Amma abin da ya riga ya faru a tasha ba a sake buga shi. Kuma abin haushi, shagon da ke tsakiyar Gombe, rabin aikinsu da Hausa ne, a ce babu mai ɗaga bana ya karanta kafin a naɗe? In za ku ba su aiki mai ƙ ko ɗ ko ɓ, ku tsaya a kan injin ku ga falle na farko da idonku, kar ku yarda da hoton waya.

Fastar kuma ita ce ta fi cin raina. Alhamis ta zama Asabar, Asabar ta zama Litinin. Kullum na kira sai “gobe in sha Allahu, an ɗauke wuta,” ko “takarda ce ba ta iso daga Kano ba.” Ran Litinin na ce yau ba waya, na zo da kaina, ina shiga ɗakin ciki na ga gaskiyar magana: injin yana ta aman fastar wani mai neman ciyaman, an tara ta har ta kai ƙugu, ga wata jibgegiyar mota a ƙofa da yaransa suna shan lemo a benci. Wuta lafiya, takarda lafiya. Aikinmu na naira dubu ɗari da wani abu ne aka ture gefe don na miliyoyi ya shigo. Na ce “Baba, da ka gaya min gaskiya ai da na fi jin daɗi, kuɗin motar da na ƙona zuwa uku ya isa sitika ɗari.” Ya yi shiru, ya ce in yi haƙuri, mutanen nan ba a iya ce musu su jira. Na gane, kowa ya san yadda garin yake lokacin siyasa, wanda ya zo da zugar matasa a bayansa ba ka ce mishi gobe, tsoron 'yan Kalare, 'yan bangar siyasar nan, bai gama fita daga zukatan 'yan kasuwar Gombe ba. Amma ni ma ai kuɗi na biya, kuma ranar da ke kan rasit ba ni na rubuta ba. Daren nan a Pantami na kwana gidan Goggo, na dawo na zauna musu a benci kaman mai bin bashi, sai Laraba wajen sha ɗayan dare aka gama. Kwana shida a kan alkawari, kasuwa ɗaya ta wuce mu.

Sabida saurin da aka yi ba a bar tawada ta sha iska ba aka yanka aka ɗaure, da muka kwance a gida wasu sun manne da juna, in ka ɓamɓare sai bayan ɗaya ya kwashi fuskar ɗaya. Na zauna da yara muka ƙirga, waɗanda suka lalace da waɗanda babu gaba ɗaya sun kai 140. Na gaya mishi, ya cire 9,000 daga cikon kuɗinsa ba gardama. Waɗanda suka fita lafiya kuwa ba ƙarya, aiki ne mai kyau, kala ta zauna, rana ta yi wata biyu tana dukansu ba su koɗe ba, na abokin takararmu da aka buga wani wuri sati uku suka koma shuɗi kaman an wanke da bula.

Abu ɗaya da na so a ce ya faɗa mana tun farko: takarda mai sheƙi ba ta son katangar ƙasa. A bulo da ƙofar ƙarfe tana kamawa, amma garinmu rabin katangu jar ƙasa ce, ka dama sitacin rogo ka shafa ka manna, kafin la'asar ta bushe ta ɓantare ta faɗo. Wadda ta faɗo kuma awaki na jira, sitacin suke bi, har wadda ke manne in ba ta yi sama ba sai akuya ta miƙe da ƙafa biyu ta yage ta. Mun zargi yaran ɓangaren can da yaga mana fasta har an kusa yin cacar baki, alhali ɗan takarar nasu mijin 'yar Kawu ne, tare muke cin tuwo ranar suna, sai da wani mai shayi ya rantse ya ce shi da idonsa ya ga akuyar liman tana cin Hamma tun daga hula. Daga baya ƙananan ƙusoshi da murfin kwalba muka koma yi. Sitika kam ta yi aiki fiye da komai, 'yan acaɓa har roƙo suke, kuma babur yana shiga rugar da mu ba mu taka ba.

In maki ake so, kyawun bugu zan ba su huɗu cikin biyar, gaskiya wajen kuɗi biyar, cika alkawari ɗaya da rabi, shi ma rabin don ya ba ni haƙuri ne. Wanda zai je ya je tun kafin hukumar zaɓe ta jiha ta fitar da jadawali, don zaɓen ƙananan hukumomi ita ke yi ba INEC ba, kuma da zarar ta fitar manya za su cika wurin. Kar ku biya fiye da rabi, ku ƙara sati guda a kan duk ranar da aka ba ku, ku ƙirga kayanku a gabansu.

Zaɓen fidda gwanin kuwa, ana gobe za a yi, bayan isha'i aka kira su huɗun gidan wani dattijon jam'iyya. An daɗe a ciki. Aka ce kujerar karɓa-karɓa ce tsakanin garuruwan mazaɓa, wancan karon ɓangarenmu ne suka yi, yanzu na ƙauyukan gabas ne, a yi haƙuri a bar wa ɗaya. Hamma ya fito wajen sha biyu ya ce min an yi maslaha, ya janye, mu je gida. Ko layi ba a yi ba. A ɗakina kuma ga fasta sama da 900 ko kwance ɗaurinsu ba a yi ba.

Bayan sallah na shiga Gombe sayayya na biya ta shagon don mu gaisa, na ba shi labari. Bai ce ai na gaya muku ba, ko da yake na ga maganar ta zo mishi har baki. Sai ya ce in kawo ragowar. Na kawo, ya sa a injin yanka ya raba kowace gida huɗu, ya buga sunan shagon Hamma da layukan lissafi a farin bayan, ya ɗinke su hamsin-hamsin, 12,000 ya karɓa. Yanzu duk wanda ya sayi maganin ciyawa ko buhun taki a wajen Hamma, in ya juya rasit ɗinsa zai ga kunne da rabin hula, wani ya samu gemu, wani ya samu ajamin Baffa. Akwai wani manomi da yake tara su, ya ce saura ɓangaren ido na hagu ya haɗa mutum cikakke.